Malama Ladi da Ajinta na Television

A unguwar Television aka haifi Ladi, ranar wata Lahadi, shi ya sa sunan ya manne mata har sunan yankanta ya ɓace, ko a makaranta Ladi Nuhu aka rubuta. Mahaifinta, Malam Nuhu, ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, tun zamanin da jiniyar masaƙa ke tashin mutanen wannan ɓangaren kogi da safe. Gidansu ɗaki biyu ne da zaure, katanga ɗaya da gidan wani direban tirela mutumin Inugu. Yaran layin tare suke ɗiban ruwa, tare suke shan duka in sun yi ɓarna. Ladi ta koyi Hausa a gida, ta koyi Turancin buroka a bakin famfo, ta kuma tsinci 'yan kalmomin Ibo, yawancinsu na zagi, ba ta ma san ma'anarsu ba.

Tana 'yar shekara goma aka yi rikicin shekarar dubu biyu. Ba ta son ba da labarin, in ma ta fara ba ta kai shi ƙarshe. Abin da take iya faɗa shi ne suna cikin aji, malaminsu ya leƙa ta taga, ya ajiye alli a kan tebur, ya fita bai ce da su uffan ba, kuma bai dawo ba. Suka zauna suna jiransa har suka fara jin ƙaurin taya. Da ta isa gida takalmi ɗaya ne a ƙafarta. Sun kwana huɗu a bariki cikin dubban mutane, daga nan suka wuce Makera wajen ƙanin babanta. Bayan wata shida Malam Nuhu ya yi musayar gida da wani Kirista da shi ma yake neman barin Makera, kowa ya koma cikin nasa. Tsakanin Makera da Television 'yar tafiya ce a keke mai ƙafa uku, amma Ladi ta yi shekara ashirin da ɗoriya ba ta taka unguwar da aka binne cibiyarta ba.

Masaƙa ta rufe, Malam Nuhu ya koma gyaran keken ɗinki a wata rumfa, da wannan sana'ar ya tura ta kwalejin horar da malamai. Ta auri Zakariyya'u mai walda, mutum mai sanyin magana, suka haifi 'ya ɗaya, Sumayya. Ta yi shekaru tana koyarwa a wata makarantar kuɗi a bayan layinsu, inda yaran duk 'ya'yan maƙwabta ne. Da gwamnati ta tashi ɗaukar sababbin malamai ta zauna jarrabawa ta ci. Ranar da takardar turawa ta fito, a tsaye ta buɗe ta a ƙofar ofis, ta ga sunan wata ƙaramar sakandare a Television. Sai da ta nemi benci ta zauna.

Zakariyya'u ya ce ta nemi canji. Ta nema, aka ce sai ta kama aiki tukuna. Babanta ne ya yanke maganar. Ya ce ba zai ce mata babu abin tsoro ba don ba ya son yi mata ƙarya, amma aikin gwamnati ba kullum yake leƙo gidan talaka ba, ta je ta gani, in ba za ta iya ba ta dawo.

Shugabar makarantar, Madam Ngozika, mace ce doguwa mai babbar murya. Da ta ga Ladi Nuhu a takarda ta ɗauka wata 'yar Kafanchan ce ko Zonkwa za ta zo, don sunayen biyu ba baƙi ba ne a wajen Kiristocin can. Da mace cikin hijabi har gwiwa ta yi sallama a ƙofar ofishinta, sai da ta cire tabarau ta mayar. Ba ta ɓoye ba, ta gaya mata tana dariya, ta ƙara da cewa a shekara bakwai da ta yi a wurin ita ce Musulma ta farko cikin malamai. Ta ba ta 'yan aji biyu, ta kuma ba ta darasin da babu malamin da yake so, wato na zama ɗan ƙasa nagari.

Yara saba'in da takwas ne a ajin, bencin mutum uku yana ɗauke da biyar. Akwai Ibo, akwai Bajju da Atyap da Gbagyi, akwai Idoma da Tibi. Musulmi uku ne kacal, 'ya'yan mahauta da masu facin taya na bakin titi, kullum a bencin ƙarshe suke haɗe kansu.

A makon farko Ladi ba yaran ta nazarta ba, makarantar ta nazarta. Ta san ƙofar shiga ɗaya ce. Ta gano wani wuri a bayan bayi inda katanga ta zube, wanda mutum zai iya tsallakawa ya faɗa wani lungu. Ta jawo teburinta kusa da ƙofa. Ta daina sa takalmi mai tsini. In taya ta fashe a titi ko yara suka kwashe da ihu a filin ƙwallo, alli yakan tsaya a hannunta, sai ta yi kamar tana tuna wata kalma ce. Ana tashi take kama keke, ba ta yarda azahar ta wuce mata a can.

Littafin darasin cike yake da maganganu masu kyau, haƙƙin ɗan ƙasa, wajibinsa, haƙuri da juna, kula da kayan jama'a. Yaran suna haddacewa su rera kamar waƙa, a fita hutun tara kuma su zagi ƙabilar juna a layin famfo. Wata rana ta tambayi me ake nufi da girmama ɗan'uwa. Wani yaro mai kaifin baki, Monday, ya miƙe ya zuba amsar littafi ba gargada, da zai zauna kuma ya sa gwiwar hannu ya ture yarinyar da ke gefensa ta faɗi ƙasa. Ladi ta hukunta shi, amma a keke tana komawa gida sai ta ga ita ma haka take. Tana karanta musu a yarda da maƙwabci, ido ɗaya yana kan taga.

Daga nan ta riƙa rufe littafin a rabin lokaci. Ta ce ba za a ƙara kiran kowa da sunan ƙabilarsa a ajinta ba, kowa yana da sunan da iyayensa suka sa masa. Ta tsara shara bisa jerin sunaye, namiji da mace, babba da ƙarami. Duk mako biyu takan rubuta lambobin benci a guntayen takarda kowa ya ja, inda ya faɗa nan zai zauna. Ta sa aka yi zaɓen monita da ƙuri'a a cikin gwangwanin madara, wata yarinya mai natsuwa, Chinenye, ta kada Monday da ƙuri'a huɗu, shi kuwa ya yi mako guda yana cewa an yi maguɗi. Sannan in an kawo mata ƙara, kafin ta saurari komai takan tambaya, ka gani da idonka? A ina kake tsaye? In yaro ya ce ji ya yi, sai ta ce ya koma ya zauna, ya turo wanda ya gani. Yaran suka gaji da tambayar har suka sa mata suna Anti Ka-gani, suna kwaikwayon muryarta a bayan aji.

Ba duka abin ya tafi daidai ba. Wata uwa ta zo har ofis tana faɗa don an zaunar da 'yarta kusa da ɗan mahauci. Ladi ta tsaya a gefe, Madam Ngozika ce ta lallashi matar. Ana kuma ci gaba da satar alli. Amma ajin ya fi sauran tsabta, kuma a shekara ta biyu yaran sun fara jiran juna ya gama magana, ko da ba kullum ba.

A wannan shekarar ce, lokacin zafi gab da faɗuwar damina, gari ya ɗan yi tsami. An yi wani tashin hankali a wani ƙauye can nesa, hotuna suna ta yawo a waya, kowa yana ƙara nasa. A keke mutane sun daina hira. Ranar wata Laraba Madam Ngozika ta tafi taro a ma'aikata, tsallaken kogi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Ladi ta sa wata yarinya siririya mara magana, Onyinyechi, ta tashi ta karanta. Yarinyar ta karanta layi biyu, ta yi shiru, ta yi tangaɗi, ta kife. Goshinta ya sauka a kan ƙarfen gefen benci.

Jini ya ɓalle kamar an buɗe famfo. Ladi ta durƙusa, ta ɗora kan yarinyar a cinyarta, ta dunƙule gefen hijabinta mai ruwan toka ta danne wurin. Yara suka hau ihu. A daidai lokacin wata ɗalibar wani aji, Jessica, tana wucewa ta bakin taga. Ta ga malama mai hijabi a kan yarinya, ta ga jini, ta kwasa a guje ta fice daga makarantar tana kururuwa. Kafin maganar ta isa garejin makanikai na bakin titi ta zama Bahaushiyar malama ta fasa wa yarinya kai. Kafin ta isa 'yar kasuwa ta zama yanka ta aka yi.

Ladi ba ta san wannan ba. Ta aiki Monday ya ɗebo ruwa, tana kiran sunan yarinyar, tana taɓa wuyanta. Sai ta ji wani sauti daga wajen ƙofar makaranta, muryoyi da yawa sun haɗu sun zama ɗaya, ana dukan ƙarfen ƙofa. Ta san wannan sautin. Shekara ashirin da wani abu ba ta ji shi ba, amma jikinta ya gane shi kafin kanta. Monday ya dawo da rabin bokiti, idanunsa a waje, ya ce mutane ne, Malam Nathan mai koyar da lissafi yana ƙoƙarin tare su amma sun fi ƙarfinsa, kuma ita suke nema.

Wurin da katanga ta zube bai fi taku talatin daga ajin ba. Ta lissafa shi sau da yawa. Har ta ɗaga gwiwa ɗaya. Da ta sassauta hannu sai jinin ya sake kwararowa ta tsakanin yatsunta, ya gangara kunnen yarinyar. Ta ɗago ta ga idanun yara saba'in da bakwai a kanta, sun daina ihun, suna jira su ga abin da za ta yi. Ta tuna yadda ake ji in ana zaune a benci babba ya fita bai waiwayo ba. Ta mayar da gwiwar ƙasa.

"Kowa ya zauna a wurinsa," in ji ta, da wata murya da ita kanta ba ta gane ba. "Chinenye, buɗe tagogin nan duka. A bar ƙofa a buɗe. Kada wanda ya gudu."

Ta nemi yaran nan Musulmi uku da ido. Ƙuri'ar benci ta warwatsa su cikin sauran. Indo, 'yar mai faci, tana tsakiyar aji cikin ƙaramin hijabinta, ta kifa kai a benci, yarinyar da ke gefenta ta ɗora mata hannu a baya.

Suka iso. Za su kai mutum talatin, wasu da itace, wasu hannu wofi, mata na biye suna kuka. Tagogi suka cika da fuskoki har ajin ya yi duhu. A gaba akwai wani mutum kakkaura cikin kayan aiki, hannayensa baƙi ƙirin da man mota, yana riƙe da babbar sifana. Ekene ne, mahaifin Onyinyechi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana haki, ya dubi 'yarsa, ya dubi hijabin da ya rine. Daga bayan taron wani yana cewa a fito da ita. Ladi kuwa kalmar shahada take yi a ranta.

Chinenye ce ta miƙe. Ta ce ita ce monita, a benci na biyu take zaune, da idonta ta gani. Onyinyechi karatu take yi ta faɗi da kanta, Anti tana can wajen allo, ba ta taɓa ta ba sai bayan ta faɗi. Ta nuna ƙarfen bencin da jini a jiki. Monday ya ce shi ma ya gani, yana bayanta. Sai wani, sai wata, kowa na faɗin inda yake zaune. Wani mutum a taga ya ce ƙarya ne, an gaya masa yanka ta aka yi.

"Oga, ka gani da idonka?" Monday ya tambaye shi.

Mutumin ya zage shi. Na kusa sun ji abin da yaran suka ce, sun ɗan ja baya, amma na nesa ba su ji komai ba, turowa kawai suke yi. Wani dutse ya sauka a kan kwanon rufi da ƙara, yara suka sunkuya. Wannan ƙarar ce ta buɗe wa Ladi baki.

"Oga, 'yarka tana numfashi," ta ce wa Ekene. "Ba zan iya ɗage hannuna ba. Don Allah a nemo keke."

Ya dube ta na ɗan lokaci. Sannan ya sunkuya ya ɗauki yarinyar, ya ce, "Tashi. Kar ki saki. Da ke za mu."

Haka suka fita, shi yana ɗauke da 'yar, ita tana manne da gefensa hannunta a goshin yarinyar. Ba ta ɗaga kai ba. Ƙafafu kawai take gani, silifas, takalman roba, ƙarshen wani itace yana jan ƙasa. Wani ya fizgi hijabinta ta baya har wuyanta ya shaƙe. Yawu ya sauka a kafaɗarta. Ekene ya daka wata tsawa cikin Ibo, hanya ta ɗan buɗe, Malam Nathan ya shiga bayanta ya tare. Daga aji zuwa ƙofar makaranta ba nisa, amma ta ce ba ta taɓa yin tafiya mai tsawonta ba.

A cikin keke ma tsoron bai sake ta ba. Mai keken ya bar titi ya shiga lungu, daga wannan zuwa wancan, Ekene yana ba shi umarni da yaren da ba ta ji, sifanar tana kan cinyarsa. Ba ta san inda za a kai ta ba, ba ta kuma san abin da zai faru in yarinyar ta cika a hannunta ba. Sun wuce wani layi da ta ga kamar nasu ne na da, amma an sake gine-gine, ba ta tabbatar ba.

Wani ƙaramin asibiti suka tsaya. Nas ta ɗage hannun Ladi da ƙyar, don yatsun sun sandare. Aka yi wa yarinyar ɗinki huɗu, aka sa mata ƙarin ruwa. Zazzaɓin cizon sauro ne, kwana uku tana ɓoyewa don kada a hana ta zuwa gwaji, uwarta kuma ta tafi saro kaya Anacha, ranar ko karin kumallo ba ta yi ba. Da ta farfaɗo Ekene ya sunkuya ya yi mata tambaya cikin Ibo, ta amsa a hankali. Ladi tana tsaye jikin bango tana karanta fuskarsa. Ya miƙe, ya dubi sifanar da ke hannunsa kamar yanzu ya fara ganinta, ya ajiye ta ƙarƙashin kujera. Bai ba ta haƙuri ba. Ya fita ya dawo da ruwan leda biyu ya miƙa mata.

Nas ɗin ta ara mata zane ta lulluɓe kanta, ta cusa hijabin a leda. Ekene ya karɓo wata mota daga gareji ya ce zai kai ta gida, don ba zai bari ta hau keke a unguwar ba ranar. Da suka kusa mahaɗar da ake shiga Makera ya rage gudu, ya gangara gefe ya tsaya, yana ta duban madubi.

"Malama, iyakata nan," in ji shi. "Babana yana da shago a ciki da. Tun ina yaro rabona da shiga."

Ta ga gumi a goshinsa, ta ga yadda ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ta yi masa godiya, ta ce Allah ya ba yarinyar lafiya. Tana rufe ƙofa ya juya motar.

Ta ɗauka ta tsira ke nan. Da ta shiga layinsu sai ta tarar da taro a ƙofar gidansu. Labari ya riga ta isowa, an ce an kashe malama a Television. Zakariyya'u ya rufe shago zai tafi nemanta, Malam Nuhu ya riƙe masa riga. Samari sun taru, wasu da gora, wasu suna kiran abokansu a waya. Da suka gan ta cikin zanen da ba nata ba, ba hijabi, busasshen jini a hannunta, sai hayaniyar ta ƙaru maimakon ta lafa. Ta ce wannan taron ya fi na safe ba ta tsoro, don waɗannan ta san su, ta san iyayensu, wasu ma ita ta koya musu karatu, kuma ta san inda za su nufa.

Ba ta taɓa magana a gaban taron maza a titi ba. Ta so ta shige gida, babanta ya tare ta.

"Ladi, ba za su ji daga bakina ba. Faɗa musu da bakinki."

Ta tsaya a dakalin ƙofar gida, Zakariyya'u a gefenta. Ta ce ga ta da ranta, babu wanda ya ji mata ciwo. Ta fito da hijabin daga leda ta ce wannan jinin wata yarinya ce da ta faɗi a aji, ba nata ba ne. Wani saurayi ya ce ai an ce an ja ta a ƙasa. Ta ce ba a ja ta a ƙasa ba, an fizgi hijabinta, an tofa mata yawu, ba za ta ɓoye ba. Amma yaran ajinta ne suka tsaya mata, kuma uban yarinyar ne ya fito da ita ya kawo ta har mahaɗa. Ta roƙe su don girman Allah kada wani ya fita da sunanta. Sai da mai unguwa da limamin masallacin layin suka sa baki, aka yi ta ja-in-ja har la'asar, kafin taron ya watse kaɗan-kaɗan. Ranar ba a ƙona ko rumfa ba, a can ko a nan.

Washegari ta kasa tashi. Kwana tara ta yi a gida. In Sumayya ta yar da murfin tukunya sai ta zabura. Zakariyya'u, da bai saba kafewa a kan magana ba, ya ce aikin ya isa haka. Madam Ngozika tana kira kullum. A rana ta takwas ta zo da kanta, ita da Malam Nathan, ta yafa gyale a kai, suka zauna a zaure tare da Malam Nuhu. Ta ce an yi taron iyaye. Wasu sun ce gara malamar kada ta dawo, don lafiyarta da tasu, wasu sun ce in ba ta dawo ba abin kunya ne ga unguwar. Ta ce ita tana so ta dawo, amma ba za ta yi mata alkawarin abin da ba ya hannunta ba.

Ladi ba ta yi wata doguwar magana ba. Ta ce saura mako uku jarrabawa, kuma babu wanda ya san inda ta tsaya da yaran, za ta je ta ƙarasa zangon, in ya so a gani. Zakariyya'u ya ce to, amma shi zai riƙa kai ta a mashin har ƙofar makaranta.

Ta tarar da ajin kaca-kaca. Tsarin shara ya rushe, bawon gyaɗa ko'ina. Monday da Chinenye ba sa magana da juna saboda gardamar wanda ya fi ƙoƙari ranar. Iyaye biyu sun cire 'ya'yansu, baban Indo ma ya mayar da ita wajen kakarta a Tudun Wada. Onyinyechi tana nan da filasta a goshi. Ana cikin darasi Jessica ta shigo tana kuka, ta durƙusa a gaban tebur. Yara suka fara yi mata tsaki. Ladi ta tashe ta, ta ce wa ajin tsoro ne ya kore ta a guje, kuma duk wanda bai ji tsoro ba ranar ya ɗaga hannu. Babu wanda ya ɗaga, har ita malamar. Ta tambaye su to me ya kamata Jessica ta yi. Suka yi ta gardama har aka buga ƙararrawa, wasu na cewa ta shigo ta duba, wasu na cewa ta kira malami, ba su gama daidaitawa ba.

Zangon ya ƙare, wani ya shigo, ba ta sake tayar da maganar bari ba, mijinta ma bai tayar ba. Yanzu shekararta huɗu a makarantar. Waɗancan yaran sun wuce babbar sakandare, an kawo mata wasu tamanin da uku, su ma sai ture-ture da zage-zage, ta sake farawa da su daga farko. Likita ya ɗora ta a kan maganin hawan jini, abin da ba ta gaya wa abokan aikinta ba. In mashin ɗinsu ya wuce ta gaban gareji Ekene yakan ɗago daga ƙarƙashin mota ya ɗaga musu hannu, su ma su ɗaga, ba su taɓa sake zancen ranar ba. Wata maƙwabciyarta ta taɓa tambayarta ko yanzu ta saba, ta daina jin tsoro. Ladi ta ce a'a, kullum da safe sai ta ji shi, tun tana ɗaura wa Sumayya jakar makaranta, yakan ɗan sake ta ne in ta fara kiran sunayen yara.